Likita ya riga ya faɗi cutar, me ya rage wa nas?

Tambaya: Malama, barka da aiki. Ni ɗalibar aikin jinya ce, an turo mu koyon aiki a wani asibitin ƙauye kusa da Ringim. An koya mana cewa a matakai biyar na aikin jinya, na biyu shi ne gano matsalar majinyaci. To, idan likita ya riga ya rubuta "gudawa" a kati, ni kuma me zan gano?

Amsa: Ƙanwata, aiki kuwa ya rage miki, mai yawa ma. Likita sunan cutar yake faɗa. Ke kuwa abin da cutar take yi wa wanda ke gabanki kike nema, da kuma abin da ya jawo hakan.

A ce an kawo miki yaro ɗan wata 9 a goye. Sauke shi ki duba: idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, kin mintsini fatar cikinsa ta haura daƙiƙa 2 ba ta koma ba. Ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur; a watanninsa, 50 ko fiye sauri ne, kuma matsalar numfashi ita ake fara tarewa. Ki auna damtsensa, ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani.

Sannan ki zauna da uwar, kada ki tsaya a kanta da biro a hannu. "Maman yaro, rabonsa da fitsari tun yaushe? Yana kama nono?" A nan ne sau da yawa gaskiya take fitowa: ta samu ciki, kakar yaron ta ce nonon ya lalace, kwana huɗu ke nan koko kawai ake ɗura masa. Wannan ba ya cikin katin likita, kuma idan ba ki tono shi ba, za a sallami yaron ya dawo bayan mako biyu. Abin yana min ciwo ƙwarai, domin tambaya ɗaya ce take hana hakan.

Wajen rubutawa, gaɓa uku ce: matsala, sanadi, alama. "Ƙarancin ruwa a jiki, sanadiyyar gudawa da daina shan nono, alamarsa zurmawar ido da ƙarancin fitsari." Sai matsala ta biyu: abincin da yake samu bai ishe shi ba. Jerin irin waɗannan sunaye da kuke haddacewa na ƙungiyar ma'aikatan jinya ta NANDA ne, wadda ta samo asali daga wani taro a Amurka a 1973. Amma kada ki kwafo suna daga littafi ki liƙa wa yaron da ba ki taɓa jikinsa ba.

Akwai kuma matsalar da ba ta auku ba tukuna, kamar haɗarin yayyensa su kamu tunda rijiya ɗaya suke sha. Ita ba a rubuta mata alama, sai dalilin haɗarin.

Yaro mai alamomin da na lissafa ƙarin ruwa yake buƙata nan take, ki kira na gaba da ke. Bayan an sa masa, ki riƙa komawa kina duba idon da fatar, ki gyara abin da kika rubuta idan ya sauya.