Amsa ga Dakta kan batun juya kuɗin tallafin bincike

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manyanmu Farfesoshi da ke cikin wannan zaure, da sauran abokan aiki na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na Samaru da Kongo da Shika. Dakta, na saurari saƙonka na daren jiya, inda ka ce kason farko na tallafin binciken da ka samu ya shigo, amma farashin kaya ya tsere wa kasafin da ka rubuta, kuma kana so ka ɗebi kuɗin tafiye-tafiye ka saka sola da inbata domin firizar da za ka adana samfura. Ka tambaya ko akwai wanda ya san mai sayar da batura masu inganci. Masu batura suna nan birjik a Sabon Gari da PZ, kuma wani zai ba ka lamba kafin azahar. Ni dai abin da na ji a ƙarƙashin tambayar shi ne ko kana da ikon sauya kasafin da aka amince da shi ba tare da ka nemi izini ba, kuma amsata ita ce ba ka da shi, ko da kuwa sauyin shi ne mafi alheri ga aikin.

Sunanka ne a kan aikin a matsayin jagoran bincike, amma yarjejeniyar tsakanin mai ba da tallafi ce da jami'a, shi ya sa Shugaban Jami'a ko wakilinsa ke sa hannu, shi ya sa kuma kuɗin ke bi ta ofishin Basa, wato ma'ajin jami'a, maimakon asusunka. Idan tallafin na TETFund ne, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, ka tuna cewa dukiyar gwamnati ce da ake tarawa daga harajin da kamfanoni ke biya, kuma dokar 2011 ce ta kafa asusun ya maye gurbin tsohon asusun ilimi na ETF na 1993, don haka duk wata doka da ta hau kan kuɗin gwamnati ta hau kansa, har da Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007. Odita ba zai tambaye ka ko samfuranka sun tsira ba. Zai ɗauki kasafin da aka sa wa hannu a dama, ya ɗauki rasit a hagu, ya ga an rubuta mai da masauki an kuma sayo batir, ya rubuta cewa an kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba. Daga nan takardar tuhuma ce, kuma kaso na biyu ya tsaya.

Ban ce buƙatarka ba gaskiya ba ce. Duk wanda ya rubuta kasafi a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya zo kashe kuɗin bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, ya san cewa lissafinsa ya rushe, domin kafin a yi nisa cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Sinadaran ɗakin gwaji kuwa kusan dukansu daga waje ake shigo da su. Masu ba da tallafi sun san da wannan, ba a wata duniya suke zaune ba. Abin da ba sa yafewa shi ne su gano sauyin da kansu a cikin rahoto. Ka zauna ka rubuta wasiƙa ta shafi ɗaya, ka nuna layin da kake son ragewa da wanda kake son ƙarawa, ka faɗi dalili, ka haɗa da takardun farashi daga 'yan kasuwa uku, ka bi da ita ta hannun shugaban sashe da ofishin da ke kula da bincike, sannan ka jira amsa a rubuce. Amsar baki a bakin masallaci bayan la'asar ba ta shiga fayil, kuma wanda ya ce maka babu komai yau yana iya barin kujerar kafin odita ya zo.

Bari in gyara abu ɗaya, kada in yi maka kuɗin goro. Wasu masu tallafin na ƙasashen waje suna barin jagoran bincike ya matsa da ɗan kaso tsakanin layukan kasafi ba tare da izini ba, kuma iyakar tana rubuce a cikin yarjejeniyar. Sai ka buɗe taka ka karanta sashen da ya yi magana kan sauya kasafi da sayen na'urori, domin ko waɗanda suke da sassauci sukan ware sayen na'ura su ce shi kam sai da izini. Ka kuma sani cewa sola ɗin nan, idan an saya, kayan jami'a ce: sai ta shiga littafin sito, an buga mata lamba, kuma ranar da aikin ya ƙare ba za ka kwance ta ka kai gida ba.

Amma abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne layin da ka zaɓa ka taɓa. Kuɗin tafiye-tafiye shi ne kuɗin zuwa gona, kuma gona ba ta jiran kowa. A nan ƙasar Zazzau ruwa yakan kankama ne a watan Yuni ya janye a Oktoba, masara tana son shuka da wuri, wake kuma wajen ƙarshen Yuli zuwa Agusta. Wanda ya rasa waɗannan makonni ya rasa shekara ɗungurungum, alhali agogon mai tallafi yana ta tafiya. Irin wake mai jure tsutsar nan da ke huda kwanson wake, SAMPEA 20-T, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a ƙarshen 2019, an shafe damina bayan damina ana gwada shi kafin a kai ga manoma, kuma kowace damina sai da aka sami wanda ya tabbatar mota ta fita da mai a cikinta.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya. A wani aiki da na taɓa jagoranta, akwai abokin bincike da ba zan kama sunansa ba, wanda ya karɓi adibas, wato kuɗin da ake ba ka kafin aiki ka kawo lissafi daga baya, domin ya biya manoma da malaman gona da suka kula mana da filayen gwaji a ƙauyukan Giwa da Soba. Ban zarge shi da cin kwabo ba, na yi imani ya biya mutanen. Sai dai ya biya su ne a gindin bishiya ranar kasuwa, yana zaro kuɗi daga aljihun babbar riga, babu takarda, babu sa hannu, babu dangwala yatsa. Da lokacin kai lissafi ya yi, sai ya kawo mini wata 'yar takarda da aka yago daga littafin makaranta, an jera sunaye kamar Malam Babba da Na Allah da Mai Injin, an rubuta jimla a ƙasa da jan biro. Na ce masa wannan ba za ta wuce ba, ya ce ai kowa ya san ƙauye babu rasit. Bai daɗe ba ya tafi hutun nazari na shekara guda, ya bar adibas ɗin a buɗe, kuma ƙa'ida ita ce ba a ba da sabo sai an rufe na baya. Kaso na biyu ya maƙale, ruwa ya sauka, manoman suka jira mu har suka gaji suka shuka abinsu a filayen, kuma ba su yi laifi ba. Ɗalibina na digiri na biyu da ke jiran wannan bayanin ya ƙara shekara a makaranta, ya kuma sake biyan kuɗin rajista daga aljihunsa. Abokin binciken nan ya dawo yana gaishe ni da fara'a, har yana tambaya ko sunansa zai fito a cikin maƙalar. To, bari in bar wannan maganar a nan, tunda ba ita ka tambaya ba.

Ƙauye babu rasit, gaskiya ne, amma akwai hanya. Ka buga fom daga ofis kafin ka fita, mai gurbin cikakken suna da ƙauye da lambar waya da adadin kuɗi da kwanan wata, ka tafi da tawadar dangwale, mai unguwa ko malamin gona ya sa hannu a matsayin shaida, ka ɗauki hoton takardar da wayarka kafin ka shiga mota. Wanda yake da asusun banki ko na waya ka tura masa, ka adana shaidar turawa. Idan ɗan kwangila ne ya kawo kaya, ka tuna za a cire haraji daga kuɗinsa, kuma harajin kayayyaki na VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, don haka ka tabbata farashin da ya ba ka ya ƙunshi wannan, in ba haka ba za ku yi rigima ranar biya.

Sai batun lokaci. Tun da aka tilasta asusun bai ɗaya na TSA a 2015, biyan kuɗi a jami'o'in tarayya yana bin matakai da dama kafin ya isa hannun mai shi, kuma kowa a nan ya tuna yajin aikin ASUU na 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wato ya haɗiye damina guda sukutum. Saboda haka takardar neman kuɗin aikin Yuni a watan Maris ake shigar da ita. Idan kuma ka hango aikin ba zai kammala a kan wa'adi ba, ka nemi ƙarin lokaci ba tare da ƙarin kuɗi ba tun da sauran watanni, domin wasu masu tallafin ba sa sauraron wannan roƙon bayan ranar rufewa ta wuce.

Game da firizar kanta, kafin amsar wasiƙarka ta fito, ka tambayi abokan aiki a Tsangayar Likitan Dabbobi ko cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika ko cibiyar binciken cututtuka ta ACENTDFB ko akwai mai gurbi a firizarsa, ka rubuta lamba a jikin kowace kwalba, ku kuma yi 'yar takarda tsakaninku kan abin da ka ajiye. Ka turo mini shafin kasafin da sashen yarjejeniyar da na ambata ta lambata, ba a nan zaure ba, in duba layin da ya fi dacewa a rage, domin ina zaton kuɗin taron bita da ka ware zai iya ɗaukar wani ɓangare na sola ɗin ba tare da an taɓa man mota ba. Gobe bayan azahar ina ofis in sha Allahu, ka zo da takardun farashin.