Wasiƙuna ba sa zuwa gidan benen da nake a Jamus, ina matsalar take?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Hamburg, wata biyu ke nan da zuwana, ina zaune wajen wani ɗan'uwa a hawa na huɗu. Na buɗe akawun a banki amma har yau katin bai iso ba, su kuma sun ce sun turo an mayar musu. Adireshin daidai yake, to ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka ga laifin banki ko mai rabon wasiƙa, sauka ƙasa bakin ƙofar shiga inda akwatunan wasiƙu suke jere, ka duba ko sunanka na jikin ɗaya daga ciki. Na tabbata babu. A yawancin gidajen bene na Jamus ba a sa lambar ɗaki a adireshi, sunan titi ne da lambar gida da lambobin nan 5 na yanki sai sunan gari, shi kuma mai rabo ba zai hau hawa na huɗu yana ƙwanƙwasa ƙofa yana cigiyarka ba, sunan jikin ambulan yake haɗawa da na jikin akwati, in bai gani ba ya mayar inda ta fito. Ba irin gida ba ne da za a ce a ba mai shagon kwana ya san kowa.

Maganin bai kai yuro ɗaya ba: ka rubuta sunanka ka liƙa a akwatin, da jikin maɓallin ƙararrawa na waje. Sai dai ka yi wa mai gida ko mai kula da ginin, wato Hausmeister, magana tukuna, wasu gine-ginen iri ɗaya suke so a yi rubutun kuma su ke bugawa, in ka liƙa takarda da salatif sai ka wayi gari an ɓare. Kuma sunan da za ka sa shi ne wanda fasfonka ya nuna a matsayin sunan dangi, nan 'yan'uwanmu ke yawan faɗawa, mutum kowa ya san shi da Sani amma takardun hukuma Abubakar suke ɗauke da shi a gaba. Kafin a gyara, ka ce wa banki su ƙara c/o, wato ta hannun wane, da sunan ɗan'uwan naka a adireshin. Ka sani katin daban yake zuwa, lambar sirrinsa ma a wata wasiƙar daban.

Abin da ya fi damuna ba katin ba ne. Ƙasar nan har yau da takarda hukuma ke magana, lambar haraji, katin inshorar lafiya, ofishin baƙi, duk ta akwatin nan. Akwai kuma ambulan mai ruwan ɗorawa da kotu da wasu hukumomi ke aikowa, mai rabo zai rubuta kwanan wata a jikinta ya jefa, daga ranar a wajen doka ka karɓa, ko kana Kano hutu. In sammacin bashi ne, wanda suke kira Mahnbescheid, sati 2 kacal gare ka ka ce ba ka yarda ba. Kar ka yar da ambulan ɗin, kwanan watan jikinta hujja ce. Wasiƙun hukuma na yau da kullum kuwa, tun 1 ga Janairun 2025 ana ɗauka sun iso ka kwana 4 bayan an aiko, da can 3 ne. Don haka in za ka yi tafiya ka bar wa amintacce makullin akwatin.

Kaya kuma daban ne. DHL za su danna ƙararrawa, in ba kowa su ba maƙwabci ko su kai reshe, su jefa maka kati a akwati, kana da kwana 7 na aiki ka je da fasfo ka karɓa. In wasiƙar wani ta faɗo akwatinku kar ka buɗe, laifi ne a dokar ƙasar, ka jefa masa a nasa. In ka tashi daga gidan, ka yi rajistar sabon adireshi wajen hukuma cikin sati 2 da shiga sabon gidan, sannan ka biya Deutsche Post, wato gidan wayan Jamus, su riƙa tura maka wasiƙun tsohon gida na wata 6, sunan abin Nachsendeauftrag, ta intanet ma ana yi.