Amsa ga mai tambayar hawa Chappal Waddi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana so ka je gandun dajin Gashaka Gumti ka hau Chappal Waddi ka sauko a yini ɗaya, ko kuwa dole ne sai an kwana a daji, sannan me za ka riƙe. To gaskiya cire zancen yini ɗaya daga ranka. Dutsen nan tsayinsa mita 2,419 ne, duk Najeriya babu wanda ya kai shi, yana can kan iyaka da Kamaru, Fulanin wurin ma Gangirwal suke ce masa. Zuwa gindinsa kawai aiki ne.

Mu daga Jalingo muka tashi, muka bi Bali zuwa Serti, nan ofishin gandun yake a jihar Taraba, nan za ka yi rajista su haɗa ka da jami'in da zai raka ku, kar ka ce za ka yi wayo ka shiga kai kaɗai, wannan gandun shi ne mafi girma a ƙasar nan, in ka ɓata ba sabis ɗin da za ka kira wani. Daga Serti sai hawan Mambila ta Mayo Selbe har Nguroje, daga nan ƴan acaɓa suka kai mu Njawai a wata hanya da sai ka sauka ka tura mashin, muka gaida jauro, wato mai garin, muka ɗau ƴan dako biyu. Kwana biyu muka yi a daji kafin mu dawo.

Abin da ya fi ba ni wuya ba hawan ba ne, sanyi ne wallahi. Ni ɗan Kano ne, na ɗauka na san hunturu, sai na tafi da suwaita guda da wani siririn bargo. Da rana kana tafiya gumi sharkaf, rana na faɗuwa iska ta taso, rigar da ta jiƙe ta koma kamar ƙanƙara a jikinka. Daren farko ban runtsa ba, tabarmar leda na shimfiɗa a tanti, sanyin ƙasa ya dinga shigowa ta baya na, da asuba raɓa ta jiƙa komai, alwala kuwa sai da muka ɗora ruwa a wuta. Don haka ka ware busasshiyar riga da safa da hular sanyi a leda, na barci kawai, kuma ka samu wani abu mai kauri da za ka shimfiɗa a ƙasa, ya fi maka bargo na biyu amfani.

Abinci kar ka yi kaya. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, suga, dabino, kilishi, indomi da shayi sun isa. Wani abokinmu ya jido gwangwanaye, tun kafin azahar ya fara roƙon a taya shi. Ruwan rafi akwai amma a tafasa. A rugage za ka samu nono, ka riƙe canji. Tocila da fawa bank kuma ba sai na faɗa ba. Takalmi kuwa kar ka kuskura ka sa sabo, nawa sabo ne, duga-dugaina duka biyu suka ɗuri ruwa, saukowar nan da ɗingishi na yi ta.

In kuma yini ɗaya kawai kake da shi, ka tsaya ɓangaren ƙauyen Gashaka kusa da Serti, ka yi tattaki bakin kogi ka ga birai da gwaggon biri, ka dawo kafin magariba. Can ƙasa zafi ne, ga tsando, sai ka sa riga mai dogon hannu.

Lokaci kuma daga Disamba zuwa Maris, da damina koguna na cika, hanyar Njawai ma ba ta biyuwa. Kafin ka sayi tikitin mota ka tuntuɓi ofishin Serti ka ji yanayin tsaro na wannan makon, su suka san inda ake shiga da inda aka hana.