Ina rage ƙiba, sikeli ya tsaya cak: me zan canza?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce daga Ƙofar Ƙaura, Katsina, shekaruna 38. Na fara rage ƙiba ina da kilo 92, cikin wata huɗu na sauko 83. Na daina cin tuwo da dare, na rage shinkafa, ina tattakin minti 30 bayan asuba kwana biyar a mako. Yau mako bakwai ke nan sikeli bai motsa ba. Ƙawata ta ce in koma cin abinci sau ɗaya a rana, in haɗa da shayin rage tumbi. Me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kilo 9 cikin 92 kusan kashi goma cikin ɗari ne, kuma rage kashi biyar zuwa goma ya isa ya sassauta hawan jini da sugan jini. Sannu da ƙoƙari. Tsayawar da kika gani kusan duk mai rage ƙiba yana cin karo da ita, galibi kafin ya cika wata shida, kuma dalilinta sananne ne.

Abin da ya zube a makonnin farko ba kitse ne zalla ba. Jiki yana ajiye suga a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da kika rage tuwo da shinkafa, wannan ajiyar ta ragu, ruwan ya bi ta, shi ya sa sikeli ya yi ta gudu da farko. Abin da ya saura shi ne kitse, shi kuwa a hankali yake tafiya: kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki).

Sai babban dalilin. Jikin kilo 83 ba ya ƙona abin da jikin kilo 92 yake ƙonawa, ko a zaune ko a tafe. Kowane kilo da ya tafi yana rage buƙatar jiki da kalori 20 zuwa 25 a rana, wato ke yanzu buƙatarki ta ragu da kusan 200. Abincin da a da yake sa ki rama, yanzu ya zama daidai da abin da jikinki yake ƙonawa. Ga kuma yunwa da take ƙaruwa idan jiki ya ga kitsensa yana raguwa, sai loma ta ƙara girma mutum bai lura ba.

Kafin ki canza komai, ki tabbatar an tsaya ɗin da gaske. Ki hau sikeli ɗaya, a kan siminti ko tayil, ba a kan kafet ba, da safe bayan kin zaga bayi kafin ki ci komai, sau uku a mako, ki rubuta. Matsakaicin mako za ki kwatanta da na wani makon, domin gabanin al'ada ko bayan cin abinci mai gishiri da dunƙule da yawa, ruwa kaɗai yana iya ƙara kilo ɗaya zuwa biyu. Ki nemi tef ɗin tela ki riƙa auna ƙugu duk mako biyu, tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, bayan kin saki numfashi. Abin da ake so, kewayen ƙugu kada ya kai rabin tsayin mutum: mai tsayin santimita 160, ƙugunta ya kasa 80. Idan tef yana raguwa alhali sikeli yana tsaye, kitse yana tafiya.

Idan duka biyun sun tsaya, to ki ɗauki littafi ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki har kwana bakwai, har da ɗanɗanon miya, ragowar abincin yara da ake jin nauyin zubarwa, da abin da aka ci a gidan biki ko suna. A wasiƙarki kin ambaci tuwo da shinkafa, ba ki ambaci mai da abin sha ba, kuma a girkinmu nan ne asarar take ɓuya. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man ja kalori 120 ne. Kin ga ke nan cokali biyu sun cinye 200 ɗin nan har da ƙari. Ƙaramin gwangwanin madara da ake auna mai da shi yana ɗaukar kusan cokali goma, wato kalori 1,200 a tukunya ɗaya kafin a jefa ko albasa. Waina, ƙosai, fanke da soyayyar awara duk suna shan mai, ɗanwake da shinkafa da wake kuwa a kansu ake kwarara shi. Ki auna da cokali, ki raba da yawan masu ci, ki sa wa kanki iyakar cokali biyu a yini.

Abin sha ya fi yaudara, domin ba ya ƙosarwa. Lemon kwalba na rabin lita yana da suga kusan ƙaramin cokali 13, kalori sama da 200. Zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi da fura da nono na sayarwa, duk gwargwadon sugan da mai damawa ta zuba ne, ke ba ki gani ba. Ki dama naki a gida, nono ya fi fura yawa, suga ƙaramin cokali ɗaya ko babu. Gyaɗa da dabino abinci ne masu kyau, amma giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550, don haka cikin tafin hannu ɗaya ya isa, dabino kuma biyu ko uku.

Kalori 300 kacal za ki nema daga waɗannan wuraren. Kada ki sake taɓa tuwon rana. Ki raba faranti: rabi ganye, kamar kwaɗon zogale ko rama, kabeji ko alayyafo, kwata tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannunki, kwata kuma abinci mai gina jiki. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa, alhali shi yake riƙe ciki ya kuma hana tsoka zubewa tare da kitse. Dafaffen ƙwai biyu, wake, alale, kifi, kaza ba fata, kindirmo ba suga, ko awarar da aka jefa a miya maimakon a soya: a samu ɗaya a kowane cin abinci.

Tattakinki yana da kyau, amma minti 30 ba ya ƙona fiye da kalori 150 ko kusa da haka. Minti 150 da kike yi a mako shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta, ta ce a iya kaiwa 300, a haɗa da motsa jiki mai ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Ki mai da tattakin minti 45, da saurin da za ki iya magana amma numfashi yana ɗan sama. A tsakar gida kuma: zauna-tashi a kujera sau 12, tura bango da hannu biyu sau 12, ɗaga jarkar ruwa ta lita 5 sau 12, a maimaita zagaye uku, a bar kwana ɗaya tsakani. Makon farko sikeli yana iya ɗan hawa saboda tsokar da ta yi tsami tana riƙe ruwa, kada ya tsorata ki. Barci kuma ya kai awa bakwai. Mai tashi asuba da take kaiwa sha biyun dare a kan waya, yunwa da kwaɗayin zaƙi za su dame ta washegari.

Batun shawarar ƙawarki, shayin nan ki bar shi. Yawancinsu filasko ne ko maganin sa fitsari a ciki. Ruwa da bayan gida suke fitarwa, bayan hanji ya riga ya tsotse abincin, kitse yana nan inda yake. Yawan shansu yana zubar da gishirin jiki da zuciya take aiki da shi, yana kuma sangarta hanji. Cin abinci sau ɗaya kuwa ba ya fin rage ci a hankali amfani idan jimillar abincin ɗaya ce, kuma yawanci ramuwar gayya ake yi da dare.

Ki ba wannan tsarin mako huɗu, rabin kilo a mako ya wadatar. Idan babu canji, ko kina fama da kasala, jin sanyi, bushewar ciki, zubewar gashi, kumburin wuya ko rikicewar al'ada, ki je Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a duba miki tayirod (ƙwayar da take gaban wuya, mai daidaita yadda jiki yake ƙona abinci) da suga. Ki tafi da duk maganin da kike sha, domin allurar tazarar haihuwa ta wata uku, insulin, prednisolone da dexamethasone suna iya ƙara nauyi. Kada ki daina ko ɗaya sai likita ya ce.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Daura. Ina azumin Litinin da Alhamis, ina buga ƙwallo ranar Asabar, amma wata biyu ke nan tumbi ya ƙi raguwa.

Amsa: Alhaji, Allah ya karɓi ibada. Ka duba abin da kake sha a buɗa-baki da sauran kwana biyar ɗin. Shayin mai shayi da madarar gwangwani da suga, ga burodi da soyayyen ƙwai, yana iya mayar da duk abin da azumin ya rage a zama ɗaya. Ƙwallon yini ɗaya kuma ba ta rama zaman shago na kwana shida. Ka riƙa takawa zuwa masallaci da gida maimakon hawa babur, ka tashi ka zaga duk bayan awa ɗaya, ka koma shayi ba madara, suga cokali ɗaya. Ka auna tumbin da tef yau, ka sake bayan mako huɗu. Ga namiji, daga santimita 94 haɗari yake farawa, idan ya kai 102 a gwada suga da hawan jini ko da ba ka jin komai.