Amsa kan bikin 16 ga Yuni a Dublin

Malam, ka tambaya ko ranar 'yancin kai ce 'yan Ireland ke yi a 16 ga Yuni. A'a, bikin littafi ne, ana kiransa Bloomsday. Duk labarin littafin Ulysses na marubuci ɗan Ireland James Joyce, wanda ya fito a 1922, a yini ɗaya ya faru: 16 ga Yuni, 1904. An fara bikin a Dublin a 1954. Mutane kan sa tufafin wancan zamani, su bi sawun Leopold Bloom, tauraron labarin, titi-titi, ana karanta littafin a bainar jama'a. Har tsohon kantin magani na Sweny suke shiga su sayi sabulun lemon tsami, don Bloom ya saya a labarin. Wallahi wannan sabulun ya fi komai burge ni.