Tambaya da Amsa: Bindiga da Makarantun Amurka

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk kan magana ɗaya suka taru: harbe-harben da ake yi a makarantun Amurka da cacar bakin da ke biyo baya. Mun zaɓi guda biyar.

Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka kashe yara a makaranta sai mu ga shugaban Amurka yana jimami a talabijin, bayan mako biyu kuma ka ji tsit. Shin ba shi da ikon haramta bindiga ne gaba ɗaya? (Ɗalibin shari'a, Zariya)

Wa alaikumus salam, Malam. Ba shi da wannan ikon, ita ma majalisa ba ta da shi. Gyara na Biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkinsu a 1791 ya ce ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallaka da ɗaukar makami ba. An daɗe ana jayayya ko mayaƙan sa-kai na jihohi ake nufi ko kowane mutum, har 2008, lokacin da Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar Heller. Alƙalai 5 suka rinjayi 4, aka ce haƙƙi ne na mutum a kan kansa, musamman don kare gidansa. Hukuncin dai ya bar ƙofa: ana iya hana wanda ya aikata babban laifi, ana iya hana shiga makaranta da bindiga. A 2022 kuma, a shari'ar Bruen, kotun ta ƙara ɗaure hannun 'yan majalisa, ta ce duk sabuwar dokar bindiga sai an nuna tana da makamanciya a tarihin ƙasar.

Soke gyaran kuwa sai kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu sun amince, sannan jihohi 38 cikin 50 su sa hannu. Babu alamar hakan a kusa.

Ko ƙaramar doka ma a Majalisar Dattawa take maƙalewa, domin a can sai an samu ƙuri'a 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara. Ranar 14 ga Disamba 2012 aka kashe yara 20 'yan shekara 6 da 7, da ma'aikata 6, a firamaren Sandy Hook da ke jihar Connecticut. Wata huɗu bayan haka sanatoci biyu, Joe Manchin da Pat Toomey, suka kawo ƙudurin faɗaɗa binciken masu sayen bindiga. Ƙudurin ya samu ƙuri'a 54, amma ya faɗi. Ga kuma lissafin siyasa: jihar Wyoming da ba ta kai mutum miliyan ɗaya ba sanatoci 2 gare ta, daidai da California mai kusan miliyan 39, kuma a jihohin karkara bindiga abin gado ce, uba ya ba ɗa. Mutumin da ofishin 'yan sanda ke nesa da gonarsa ba ya jin maganar ƙwace bindiga da kunnen da mazaunin birni ke ji.

To wai haka kawai mutum ke shiga shago ya sayi bindiga kamar mai sayen burodi? (Wani ɗan kasuwa, Maraɗi)

Ba haka ba ne, Alhaji, amma rariyar tana da manyan ramuka, kuma a nan ainihin matsalar take.

Ga yadda ake yi a shagon da ke da lasisin tarayya. Mai saye zai nuna katin shaida mai hoto, ya cike fom mai lamba 4473, inda zai amsa ko an taɓa ɗaure shi kan babban laifi, ko yana shan ƙwaya, ko kotu ta taɓa yanke cewa yana da taɓin hankali, ko an taɓa hukunta shi kan dukan iyali. Ƙarya a fom ɗin laifi ce. Daga nan mai shago zai tura sunan zuwa rumbun bincike na NICS, wanda hukumar FBI ke kula da shi tun 1998. Amsa ɗaya cikin uku ke dawowa: a sayar, kar a sayar, ko a dakata. Yawanci cikin 'yan mintoci an gama. A dokar tarayya sai mai shekara 21 ke sayen ƙaramar bindiga a shago, amma doguwa shekara 18 ta isa. Da wannan ne maharin makarantar garin Parkland da na makarantar garin Uvalde suka sayi nasu ta halastacciyar hanya. Na Uvalde ma kwanaki kaɗan bayan ya cika 18.

Rami na farko shi ne rumbun bai san komai ba sai abin da aka zuba masa. Wanda ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a 2007, tun 2005 kotu ta ce yana da haɗari ga kansa, ta umarci a yi masa magani. Ba a shigar da wannan hukunci ba, sunansa ya fito fes, ya sayi bindigogi biyu. Haka aka sake yi a 2017 a garin Sutherland Springs na Texas, inda aka kashe mutum 26 a coci: rundunar sojin sama ta taɓa hukunta maharin kan dukan matarsa da ɗanta, amma ba ta aika wa FBI bayanin ba.

Na biyu, kwana uku. In amsa ta zo cewa a dakata, kuma kwana uku na aiki suka wuce FBI ba ta ce komai ba, doka ta yarda mai shago ya miƙa bindigar. Ta wannan kafa maharin cocin Charleston ya samu tasa a 2015, saboda jami'ar da ke binciken ta nemi takardunsa a ofishin 'yan sandan da ba shi ne ya kama shi ba. Mutum 9 suka mutu.

Na uku, cinikin hannu da hannu. A jihohi da yawa wanda ba dillali ba yana iya sayar da bindigarsa ga baƙo babu fom babu bincike. Uku daga cikin bindigogin da aka yi amfani da su a makarantar Columbine a 1999, wata abokiyar maharan ce ta sayo musu a baje-kolin bindigogi daga irin waɗannan masu sayarwa.

Dokar da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu ranar 25 ga Yuni 2022, wata ɗaya bayan Uvalde, ta toshe wani ɓangare. Yanzu in mai saye bai kai 21 ba, ana tuntuɓar jiharsa da 'yan sandan garinsu a duba tarihinsa na ƙuruciya, kuma in an ga abin tuhuma binciken na iya kaiwa kwana 10 na aiki. Ita ce babbar dokar bindiga ta tarayya ta farko cikin kusan shekara 30. Ba ta taɓa cinikin hannu da hannu na talakawan masu bindiga ba.

Wannan AR-15 da ake ta ambata, irin AK-47 ɗin da 'yan bindiga ke riƙewa ce? Me ya sa ba za a hana ta ita kaɗai ba? (Tsohon soja, Kaduna)

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin bambancin. AK-47 ta soja in ka danne kunama za ta yi ta zuba har harsashi ya ƙare. AR-15 da ake sayar wa farar hula kuwa kowane jan kunama harsashi ɗaya take fitarwa, sai dai tana ɗora na gaba da kanta. Bindiga mai sarrafa kanta tun 1986 aka hana sayar wa farar hula sabuwarta. Abin da ke sa AR-15 ta yi ɓarna shi ne gudun harsashinta, da rashin dukan kafaɗa sosai, da magazin mai cin harsashi 30 da ake sauyawa cikin daƙiƙu. A Sandy Hook harsashi 154 aka harba cikin ƙasa da minti biyar.

An taɓa hana irinta, daga 1994 zuwa 2004. Kuskuren dokar shi ne ta siffanta bindigar da kayan jikinta, kamar mariƙi irin na fistol, da gindi mai naɗewa, da wurin ɗaura wuƙa. Kamfanoni suka cire waɗannan suka ci gaba da sayarwa, kuma duk wadda aka riga aka saya ta zauna a hannun mai ita. Masu kare haƙƙin bindiga suna da hujja mai ƙarfi a nan: a alƙaluman FBI dogayen bindigogi kowane iri kaso kaɗan ne na kisan da ake yi, ƙananan bindigogi ne suka fi kashe mutane nesa ba kusa ba. A ganinmu ɓangaren dokar 1994 da ya fi ma'ana shi ne taƙaita magazin zuwa harsashi 10, domin lokacin da mahari ya tsaya sauya magazin shi ne lokacin da yaro ke samun damar gudu.

Ni malamar firamare ce. Na ji ana cewa a ba malamai bindiga ko a zuba 'yan sanda a makarantu. Hakan na aiki? (Malama, Katsina)

Malama, wannan ita ce shawarar ƙungiyar masu bindiga ta NRA. Mako ɗaya bayan Sandy Hook jagoranta na lokacin, Wayne LaPierre, ya ce babu abin da ke tsayar da mugu mai bindiga sai mutumin kirki mai bindiga. Jihohi da dama sun bi wannan hanya, amma horon ya bambanta ƙwarai: Florida na neman awa 144, Ohio kuwa a 2022 ta rage nata daga sama da awa 700 zuwa 24.

Ki dubi abin da ya faru a firamaren Robb da ke Uvalde ranar 24 ga Mayu 2022. Maharin ya shiga da ƙarfe 11:33 na safe ta ƙofar da ba ta kullu ba. Jami'an tsaro 376 suka taru a wurin, da sulke da manyan bindigogi. Suka tsaya a baranda suna neman makullin ajin da bincike ya nuna mai yiwuwa ma ba a kulle yake ba, yara a ciki suna buga wayar neman agaji suna raɗa. Sai 12:50 aka shiga, bayan minti 77. Yara 19 da malamai 2 suka rasu. Tun bayan Columbine ƙa'idar 'yan sandan Amurka ita ce a kutsa nan take ba jiran kowa, amma ranar babu wanda ya tsaya a matsayin mai ba da umarni ɗaya. A Parkland ma a 2018, inda aka kashe mutum 17, akwai ɗan sanda mai bindiga a harabar, bai shiga ginin ba.

Abin da ya fi ba mu tsoro, kuma ya fi sauƙin gyarawa, tun daga gida yake farawa. Hukumar da ke tsaron shugabannin Amurka ta yi nazarin hare-hare 41 da aka kai makarantu daga 2008 zuwa 2017, ta gano cewa kashi 76 cikin ɗari na ɗaliban da suka yi amfani da bindiga a gidan iyaye ko na dangi na kusa suka ɗauko ta. A garin Oxford na Michigan, uba ya saya wa ɗansa mai shekara 15 fistol ranar 26 ga Nuwamba 2021. Kwana huɗu bayan haka malama ta ga yaron ya zana bindiga da jini a takardar lissafi. Aka kira iyayen da safe, suka ce aiki na jiransu, ba su tafi da shi gida ba, ba su ambaci bindigar ba, ba kuma wanda ya buɗe jakarsa. Da rana ya kashe ɗalibai 4. A 2024 kotu ta ɗaure uwar da uban shekara 10 zuwa 15 kowannensu.

Ajiyar da masana ke koyarwa ba ta da wuya: a cire harsashi, a duba cikin bindigar kada ɗaya ya rage, a kulle ta a akwatin ƙarfe, harsashi a kulle shi a wani wuri daban, makulli kuma kada yaro ya san inda yake. Akwai kuma dokar da suke kira ta jan tuta a jihohi sama da 20, wadda ke ba 'yan sanda, a wasu jihohin har da dangi, damar roƙon alƙali ya karɓe bindigar wanda ke barazana, yawanci na tsawon shekara ɗaya. Masu adawa na ƙorafin ana karɓewa kafin a saurari mai ita, shi ya sa ake sa ranar zama cikin kamar mako biyu. Ita ma sai an motsa ta take aiki. A Indianapolis 'yan sanda sun karɓe bindigar wani matashi a 2020 bayan mahaifiyarsa ta kai ƙara, amma ba a kai maganar gaban alƙali ba. Ya sayi wasu, ya kashe mutum 8 a 2021.

Mu ma ana sace mana ɗalibai. Ba gara a bar kowa ya mallaki bindiga kamar Amurka ba? (Wani uba, Gusau)

Baba, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ciwon ba iri ɗaya ba ne. A Kankara da Jangebe da Kuriga gungun mutane ne suka zo daga daji da haramtattun makamai don neman kuɗin fansa. A Amurka galibi yaro ne ɗan makarantar, da bindigar gidansu. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta ɗauki bindiga a matsayin haƙƙi ba: manyan makamai sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta sai da lasisin Sufeto Janar, ta toka kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha. Shi ya sa kiran da gwamnatin Zamfara ta yi a Yunin 2022 cewa jama'a su nemi lasisi ya jawo ce-ce-ku-ce.

Kafin mu yi sha'awar tsarin Amurka, mu ga kuɗin da suke biya. Bindigogin da ke hannun farar hula a can an ƙiyasta a 2017 sun kai miliyan 393, sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe, fiye da rabinsu kuma su ne suka harbe kansu. In kana da bindigar toka ko ta farauta mai lasisi a gida, kada ka rataye ta a ɗure a bangon ɗaki inda hannun yaro ke kaiwa. Ka sauke ta, albarushi da harsashi kuma su kwana a wani akwatin daban mai kwaɗo.