Hutun Iyali a Maroko: Kasuwa, Dutse, Teku, da Kwalbar Man Argan ta Jabu

Wasiƙun makon nan kusan duk a kan Maroko suka zo, kamar an haɗa baki. Na zaɓi shida.

Anti, ina da kwana takwas, da maiɗakina da yara uku, babban shekararsa 12, autan 4. Ina so mu ga Marrakesh, ƙauyukan duwatsu, bakin teku, Sahara, sannan mu leƙa Kasablanka da Tanja. Yaya zan tsara? Magidanci daga Kaduna.

Malam, hutu za ka kai su ko gudun fanfalaki? Soke Sahara, soke Tanja. Daga Marrakesh zuwa inda tudun yashi yake na gaske yini guda ne cur a mota, dawowa ma haka, kuma ɗan shekara huɗu ba zai yafe maka ba. Kasablanka kuwa ta nan jirgin Royal Air Maroc zai sauke ku, sai ku hau jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, wajen awa uku. Abin da za ku gani ta taga ya isa.

Kwana uku a Marrakesh, biyu a Imlil cikin duwatsun Atlas, uku a Essawira bakin teku. Ka bar tekun a ƙarshe, don a can ne jiki zai huce daga hayaniyar kasuwa. Imlil bai fi awa ɗaya da rabi daga Marrakesh ba. Essawira wajen awa uku ce, jirgin ƙasa ba ya zuwa, sai motocin Supratours ko CTM, kuma ka yanki tikiti tun ana gobe. Ƙaramar tasi ta cikin gari mutum uku kawai doka ta yarda ta ɗauka, ku kuwa biyar ne, don haka ko ku rabu mota biyu ko ka nemi babbar, ku yi ciniki kafin kowa ya sa ƙafa. Kada ku je a Yuli ko Agusta, Marrakesh tana wuce digiri 40, ka baro zafin gida ka biya kuɗin jirgi ka je ka sayi wani. Afrilu, Mayu ko Oktoba. Fasfon Najeriya yana buƙatar biza, ka nema da wuri, kuma ka riƙe kuɗinka daga duk wanda ya ce ya san wani a ciki.

Anti, gabana faɗuwa yake yi. Na ji an yi girgizar ƙasa a duwatsun nan, maigida kuma ya nace sai mun kwana can da yara. Uwa daga Zariya.

Ƙanwata, tsoronki ba na banza ba ne. Ranar 8 ga Satumba 2023 girgizar ƙasa ta afka wa yankin Al Hawuz, mutane kusan 3,000 suka rasu, yawancinsu a ƙauyukan kan dutse masu gidajen laka da duwatsu. Allah ya ji ƙansu. Amma masaukai a Imlil da kwarin Urika sun daɗe da buɗewa, kuma abincin mutanen wurin yana rataye ne a kan baƙi: mai alfadari, mai dafa abinci, matar da ke gasa burodi. Ki roƙi maigida ya tambayi mai masauki hoton ɗakin na yanzu, da ko mota tana kaiwa ƙofa, don wasu gidajen sai an taka hawa na minti ashirin da kaya.

Abin da zai dame ki a zahiri ya fi wannan ƙanƙanta. Hanyar ta cika kwana-kwana, yaro mai amai a mota zai yi, ki tanadi leda da lemon tsami, kada ki cika masa ciki kafin tashi. Imlil tana sama da mita 1,700, da rana ta faɗi sanyi yake saukowa kamar tsakiyar hunturu ko da a watan Mayu, ki sa rigunan sanyi da safa. Dutsen Tubkal, mai tsayin mita 4,167, ku kalle shi daga baranda da kofin shayi a hannu, ba da ku aka yi hawansa ba. Yara a ɗora su kan alfadari a zaga da su cikin itatuwan gyaɗar Turawa da tuffa, su tsoma ƙafa a rafi mai sanyi kamar ƙanƙara. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne wata tsohuwa da ta fasa burodi mai zafi ta tsoma a man zaitun ta miƙa wa jikata, ba ta jin Larabcinmu ba ma jin yarenta, amma da aka kira Magariba tabarma ɗaya muka hau. Mutanen duwatsun nan Amazig suke kiran kansu, ba Barbar ba, kuma harshensu ɗan'uwan na Buzayenmu ne, har rubutun Tifinag da za ki gani a allunan hanya. Ki je da zuciya ɗaya.

Anti, za a samu abincin halal kuwa? Kuma suna karɓar naira? Saurayi daga Gombe.

Ɗana, ƙasar Musulmi ce, Malikawa, masu karatun Warshu irin na makarantar allonmu. Naira kuwa ko a Kwatano sai an yi da gaske. Ka tafi da dala ko yuro ka canza dirhami a can. Ka ɗauki yajinka, don tajin ɗinsu, wato dahuwar nama da kayan lambu a tukunyar ƙasa, akwai ƙamshi amma babu zafi.

Anti, ina so in sayo man argan da za'afaran da darduma da jakunkunan fata in sayar in na dawo, ko kuɗin jirgi ya fito. A ina zan samu da araha? Hajiya daga Kano.

Hajiya, zauna. Kalmar nan ta ƙarshe da kika rubuta, da ita ake yanka mutanenmu a kasuwannin Marrakesh kullum. Ke da kika san Kwari da Kurmi, kin san idan aka ce miki shadda gezna ce aka faɗi kuɗin da bai kai na yadin makaranta ba, dariya za ki yi ki wuce. To me ya sa da an sauka a ƙasar wani sai wayon ya tsaya a filin jirgi?

Bari in fara da argan. Itacen yana fitowa ne a kudu maso yammacin ƙasar, tsakanin Essawira da Agadir da kewayensu. Mata ne ke zama a ƙasa suna fasa ƙwallon ɗaya bayan ɗaya tsakanin duwatsu biyu, ƙwallon da ya fi na aduwa tauri, kafin a kai ga ɗan abin da ke ciki a matse. Wanda ya ga aikin nan da idonsa ba zai yarda a sayar masa da lita guda a kuɗin kwanon abinci ba. Na gaskiya ɗaruruwan dirhami ne lita. Wanda ake jerawa a rana cikin robobi marasa suna, sau da yawa da man girki ake masa algus. Ni ma an yi min. Wani mai fara'a ya tare mu kusa da Jama'al Fana, babban dandalin Marrakesh, ya ce hanyar da muka nufa a rufe take, ya ja mu lungu-lungu har wani shago mai kwalabe har rufi, aka sa mana kujeru, aka kawo shayi, wani mai farar riga kamar likita ya yi ta shafa min abu a bayan hannu. Na sayi kwalba huɗu. Da na dawo gida na buɗe, maiƙo ya kwanta a fata kamar na shafa man suya, wata biyu ya yi ɗoyi. Hanyar nan kuwa a buɗe take, la'adarsa yake nema, kuma a cikin kuɗina aka cire masa. Ki bari sai kin isa Essawira ki saya a ƙungiyar mata da ke da suna da adireshi a jikin kwalba. Ki sani iri biyu ne: na ci an soya ƙwayarsa, ya fi duhu, yana ƙamshi kamar soyayyar gyaɗa, na shafawa ba a soya ba, fata tana shanye shi nan da nan. Wasu wuraren bakin hanya ma an zaunar da mata biyu a ƙofa suna fasa ƙwallo don ido kawai, kamar awakin da ake ɗorawa kan itace don a biya kuɗin hoto.

Za'afaran ya fi muni. A Taliwin ake nomansa, kowace fure zare uku kacal take bayarwa, sai an tsinki fure wajen 150 kafin a haɗa giram ɗaya. Wanda ya cika miki leda da shi ya ce kawo dirhami ashirin, gashin masara ne da aka rina ko wata furen daban. Kada ki sayi gari. Ki ce a ba ki zare biyu ki jefa a ruwa: na gaske a hankali yake sakin launin rawaya, zaren ya zauna da jansa, na jabu nan take yake rina ruwan ya koɗe.

Fata kuwa har dariya take ba ni. Abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawa fatar jar akuyar Sakkwato ce da majemanmu suka jeme, fatake suka haura Sahara da ita. Yanzu jikar majema za ta biya kuɗin jirgi ta sayo roba mai ƙyalli. Ki shinshina, ki duba bakin yanka. Darduma ki juya bayanta, saƙar hannu ba ta zuwa daidai kamar ta inji, kuma ki tuna da nauyin kaya a jirgi kafin ki taya. Kafin ki shiga kasuwa ki fara zuwa Ensemble Artisanal, cibiyar masu sana'ar hannu da ke Marrakesh a titin Muhammad na Biyar, ba nisa da masallacin Kutubiyya, inda farashi yake kusan a tsaye, ki san kuɗin abu tukuna. Shan shayin mai shago ba bashi ba ne. Ki ce "la, shukran", wato "a'a, na gode", ki tashi.

Sai 'yan matanki. Masu lalle a dandalin Jama'al Fana sukan cafke hannun yarinya su fara zane kafin a ce uffan, sannan su tsuga kuɗi. Baƙin lallen da wasunsu ke amfani da shi akwai sinadarin rinin gashi a ciki, yana iya tayar da ƙuraje ya bar tabo. Mu da muke da masu ƙunshi a kowane layi, ba mu da uzuri.

Batun fitar da kuɗin jirgi kuwa, ki cire shi daga lissafi. Mai saye ɗai-ɗai a kasuwar 'yan yawon buɗe ido, da yara suna jan mata mayafi, ba sari take yi ba. Ki sayi tsaraba daidai aljihu.

Anti, mahaifina ya ce in dai za a je Maroko sai an kai shi ziyarar Shehu Tijjani. Ɗa daga Katsina.

Ka kai shi, Allah ya yi maka albarka. Amma zawiyar tana Fas ne, fiye da awa shida a jirgin ƙasa daga Marrakesh. Ka ƙara kwana biyu ku fara da can daga Kasablanka, kada ka matse tsoho cikin kwana takwas ɗin.

Anti, yarana ba su taɓa ganin teku ba. Za su iya wanka a Essawira? Uwa daga Maraɗi.

Su jiƙa ƙafa dai, 'yar'uwa. Ruwan Atlantika a wajen akwai sanyi ko da bazara, kuma garin iska ne, da la'asar yashi har cikin kunne. Ku fita da safe, hannun ƙaramin yana cikin naki, ku koma cikin ganuwa da rana, inda motoci ba sa shiga kuma 'yan kasuwa ba su da naci kamar na Marrakesh. In wanka ne dole, Agadir ta fi kwanciya. A tashar masuntan Essawira za su ga jiragen ruwa shuɗaye da tsuntsaye suna wawar kayan cikin kifi, za a gasa muku sardin a gabanku. Da awo ake sayarwa, ki sa a auna a faɗa miki kuɗin, har da na burodi da salak, kafin kifin ya hau wuta.